Bargon Jariri Na Haɗe-haɗen Ƙyalle: Yadda Ake Ɗinka Shi Ya Jure Wanki

Idan ƙawa ta haihu, kayan barkar da ke taruwa a ɗakinta kusan iri ɗaya ne: sabulu, man shafawa, turmin atamfa, da 'yan rigunan da jaririn zai fi ƙarfinsu tun ba a yi arba'in ba. Duk ana bukatarsu. Amma akwai kyautar da kan daɗe a gidan har ƙanen yaron ya zo ya tarar da ita, wato ɗan bargon da aka haɗa fuskarsa da ƙananan ƙyallaye, aka sa masa ciki, aka sa masa baya, sannan aka bi falle ukun da ɗinki suka zama abu guda. Turawa na ce masa kwilt. Matan Bengal, a Indiya da Bangaladash, suna da nasu mai suna kanta, wanda suke yi da tsofaffin zannuwansu. A wajenmu kayan aikin ma a zube suke, don babu telan da ba ya share ƙyallayen atamfa kowace yamma.

Kafin ki ɗauki almakashi, ki sa abu ɗaya a ranki: wannan bargo na wanki ne. Tumbuɗi zai hau shi, fitsari zai hau shi, daga baya kunu da miya su biyo baya. Za a jiƙa shi a baho, a cuɗa shi da hannu, a murɗe shi, a shanya a rana, wani makon sau uku. Duk shawarar da za ki yanke, daga zaɓen yadi har ɗinkin baki, ki tambayi kanki yadda abin zai kasance bayan wanki na hamsin. Kyan ranar suna ba shi da wuyar samu.

Girman da ya fi sauƙin aiki shi ne faɗi inci 36, tsawo inci 45. Dalili biyu ne. Bayansa zai fita daga faɗin atamfa guda ba tare da haɗi ba, kuma idan kin naɗe shi zai shige ƙarƙashin hannun keken ɗinki na gida ba da kokawa ba. Fuskar tana cin murabba'i 80, kowane an yanka shi inci 5 da inci 5, a jera 8 a kwance, layi 10. Bayan ɗinki kowane murabba'i zai koma inci 4 da rabi, saboda kwatan inci yana shigewa cikin ɗinki ta kowane gefe.

Idan sayen yadi za ki yi, ki nemi iri 4, rabin yadi kowane. Rabin yadi yana ba da ziri 3 masu faɗin inci 5, kowane ziri kuma murabba'i 8, wato 24, alhali 20 kike bukata daga kowane iri. Rarar ta kuskure ce. Na baya yadi 1 da rabi, na ciki ma haka, sai rabin yadi na naɗe baki. A Kantin Kwari da makamantanta ba kowane ɗan kasuwa ke yarda ya yanka turmi ba, shi ya sa ragowar ɗinki ta fi dacewa da wannan aiki. Mafi daɗi ma shi ne ƙawaye su haɗa kai, kowa ta lalubo ragowar ankon bikin mai jegon, na kamu da na yini da na walima. Mai jego za ta gane su da kallo ɗaya.

Yadin da zai yi da wanda ba zai yi ba

Auduga zalla ake so, kuma duk ƙyallayen su kasance kaurinsu ya yi kusa da juna. Idan kin haɗa mai kauri da mai shara-shara, mai kaurin ne zai riƙa jan ɗinkin har ɗayan ya yage a gindin zare. Leshi ba ya cikin lissafi, haka duk yadin da aka manna wa duwatsu ko ƙyalƙyali, haka yadi mai talewa irin na singileti. Shadda tana da kyau a ido, amma bakinta na saurin tsefewa, kuma rinanniyar takan zuba.

Yawancin atamfa mai araha yanzu akwai roba a cikinta, wata ma robar ce zalla. Tana riƙe zafi, ba ta shan gumi, kuma idan dutsen guga ya yi zafi sai ta ƙanƙance. Gane ta ba wuya. Ki yanki ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa, ki riƙe shi da cokali mai yatsu a kan faranti, ki kanga masa ashana. Auduga takan ci da wuta kamar takarda, warinta ma na takarda ne, tokarta mai laushi ce, da kin murza sai ta watse. Mai roba narkewa take yi, ta dunƙule, ta bar baƙin ƙullutu mai tauri.

Sai gwajin zuba, wanda shi ne mutane suka fi tsallakewa kuma shi ya fi jawo takaici. Ki sa ƙyallen a kwano da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, ki jefa farin ƙyalle a ciki, ki bar su rabin awa. Ki cire ki ɗora su a kan juna su bushe tare. In farin ya ɗauki launi, yadin na zuba. Ja, shuɗi mai duhu da ruwan hoda mai ƙarfi su suka fi wannan hali. Yadin da aka rina da baba, irin na karofin Ƙofar Mata, yana da kyan da ba a musu, amma shuninsa na gogewa a jikin abin da ya taɓa ko da a bushe, don haka ba na jariri ba ne sai an wanke shi sau da yawa. Maganar a jiƙa atamfa da gishiri ko ruwan tsami don launi ya kama, an daɗe ana faɗa, sai dai ba ta hana rinin zamani zuba a jikin auduga. Abin da ke aiki shi ne a yi ta wankewa ana ɗaurayewa har ruwa ya fito fes. Wanda aka wanke sau uku bai daina ba, a haƙura da shi, komai kyansa.

Ko yadin bai zuba ba, ki wanke komai kafin yanka: na fuska, na baya, na ciki, na baki. Sabuwar auduga na tsukewa kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wankin farko, kuma ba daidai kowane yadi ke tsukewa ba. A tsawon inci 45 wannan ya kai inci 2. Idan ɗaya ya tsuke maƙwabcinsa bai tsuke ba, bargon zai murɗe, kuma babu gugar da za ta miƙar da shi. Wankin yana kuma fitar da sitatin kamfani da ke sa atamfa ƙamshin sabunta da tauri. Takardar da ake mannawa a jikin turmi kuwa, kada ki ɓanɓare ta da farce. Ki ɗora dutsen guga mai ɗumi ta bayan yadin na ɗan lokaci, gam ɗin zai saki, ta fita ba ta bar danƙo ba.

Bayan ya bushe ki goge shi sumul. Yadin da ya yamutse ba ya yankuwa daidai.

Wajen yanka, fara cire gefen nan mai rubutun sunan kamfani. Saƙarsa ta fi ta sauran jikin tsauri, kuma in ya shiga ɗinki yakan tattare. Ki yi ma'aunin murabba'in da abu mai tauri. Kwali yana yi, amma bakinsa na cinyewa da gogar alli, kafin ki kai murabba'i na 40 ya ragu ba ki sani ba. Murfin fayil na roba ko tsohon hoton ƙashi na asibiti sun fi. Ki zana da fensir mai tsini ta bayan yadin, domin allin tela layinsa na da kauri, kuma kaurin layin kaɗai ya isa ya ɓata lissafi. Gefen murabba'in ya bi tafiyar zaren saƙar, a tsaye da a kwance. Wanda aka yanka a karkace yana talewa a ƙarƙashin keke, ya fito kamar an ja masa kunne. In da almakashi kike yi, kada ki haɗa fiye da falle biyu a lokaci guda, na ƙasa zamewa yake yi.

Jerawa kuma a ƙasa ake yi, a kan tsabtataccen zanen gado. Tsari mafi sauƙi da ke fitowa da kyau shi ne ki ba yadukan lamba 1 zuwa 4. Layin farko ki jera 1, 2, 3, 4, 1, 2, 3, 4. Layi na biyu ki fara da 2, na uku da 3, haka har ƙasa, sai launukan su gangaro a karkace kamar matakala. Atamfa tana da surutu, in duka huɗun masu manyan zane ne ido ba zai sami wurin hutawa ba. Biyu masu zane, biyu marasa zane, ko uku da ɗaya, ya fi. Ki ɗauki hoto da waya ki mayar da shi fari da baƙi. Nan take za ki ga inda duhu ya taru wuri ɗaya. Hoton zai kuma yi miki amfani idan yara suka bi ta kan shimfiɗar, abin da ba makawa sai ya faru.

Kwatan inci

A nan aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Hannun da ya saba da ɗinkin riga ya saba barin rabin inci ko fiye, kuma in ya ɗan kauce ba wanda zai gane. Haɗin ƙyalle ba ya yafe wannan. A layi mai murabba'i 8 akwai haɗi 7. Idan kin ƙara kashi ɗaya cikin takwas na inci a kowane ɗinki, kowane haɗi ya ci ƙarin kwatan inci ke nan, tunda falle biyu ne. Sau bakwai, layin ya gajarce da inci 1 da kwata uku. Layin da ke ƙasa da shi kuma in kin ɗinka shi daidai, kusurwoyinsu ba za su taɓa haɗuwa ba.

Maganin abin shi ne ki auna kwatan inci daga allura zuwa dama, ki manna filasta ko salatif a kan farantin keken, falle uku ko huɗu a kan juna don ya yi ɗan tudun da bakin yadi zai riƙa bi. Ki gwada da murabba'i biyu daga cikin rarar: bayan ɗinki da guga su auna inci 9 da rabi cif. Cikakken layi kuma inci 36 da rabi. In hannunki ya ƙi sabawa, babu laifi ki yanka murabba'in inci 5 da rabi ki ɗinka da rabin inci, girman ƙarshe ɗaya ne, sai dai rabin yadin zai yi miki kaɗan-kaɗan, kuma mahaɗar ɗinkin za ta fi kauri. Abin da ba a so shi ne yau kwata, gobe rabi.

Allura lamba 12 ko 14, sabuwa. Zare mai kyau, launin toka ko ruwan ƙasa mai haske, don su ne ke ɓacewa a cikin kowane launi. Zaren da kika ja da hannu ya tsinke ba wahala, ba zai kai wanki goma ba. Takin ɗinkin ya zama kamar 12 a inci ɗaya. In ya fi haka tsawo bakin haɗin zai riƙa buɗewa, in ya fi haka ƙanƙanta farkewa za ta zama azaba ranar da kika yi kuskure. Baƙin keken nan na ƙafa, Butterfly ko Singer, ya wadatar sarai, miƙaƙƙen ɗinki kawai ake bukata daga farko har ƙarshe.

Ki haɗa murabba'ai biyu-biyu, fuska na kallon fuska, kina tura su ɗaya bayan ɗaya ba tare da yanke zare ba, su fito a jere kamar tutocin biki. Sannan biyu da biyu su zama huɗu, huɗu da huɗu su zama layi. Ki maƙala 'yar takarda mai lamba a murabba'in farko na kowane layi.

Guga rabin ɗinki ce a wannan aiki. Layi na 1, 3, 5, 7 da 9 ki kwantar da bakin ɗinkinsu zuwa dama, sauran zuwa hagu. Amfanin haka zai bayyana lokacin haɗa layi da layi: tudun wannan zai tokari tudun wancan su kulle da kansu, har kina iya jin sun zauna da ɗan yatsa. A nan za ki soka fil, a kowace mahaɗa, kafin ki hau keke. Dutsen gugar kuma ɗorawa ake yi a ɗaga, ba a jan sa gaba da baya, ja yana tale yadin. Mai amfani da dutsen gawayi ta shimfiɗa farin ƙyalle a sama saboda toka da tartsatsi.

Idan wani murabba'i ya ɗan fi abokinsa tsawo, ki sa mai tsawon a ƙasa. Haƙoran keke suna jan falle na ƙasa fiye da na sama kaɗan, sai su shanye bambancin. Wannan dabarar tana gyara ɗan kuskure ne kawai. In ya kai kwatan inci, ki ɗauko reza ki farke.

Abin da za a sa a ciki

Wannan ya danganta da watan haihuwa da garin da jaririn yake. Wanda zai zo a Disamba ko Janairu, cikin hunturu, ko a gari mai sanyi kamar Jos, zai amfana da ɗan kauri. Wanda zai zo a Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri kuwa, bargo mai kauri ƙuraje kawai zai jawo masa. A ganina mafi alheri ga yawancin garuruwanmu shi ne falle ɗaya na yadin auduga mai laushi mai ɗan gashi-gashi, irin wanda ake naɗe jarirai da shi. Ba ya dunƙulewa, yana saurin bushewa ko da damina, keke kuma na ratsa shi cikin sauƙi. Shi yana tsukewa fiye da atamfa, don haka ki wanke shi sau biyu. Tsohon zanen auduga da ya sha wanki ya yi laushi, falle biyu, shi ma yana yi, kuma nan ne muhallin tsohon yadi. A fuska shi zai fara yagewa.

Akwai shimfiɗaɗɗiyar faiba da masu ɗinkin zanen gado da labule ke sayarwa a naɗe. In ita za ki sa, ki nemi mafi siranta. Mai kaurin tana zamewa, tana sa ɗinki tattarewa, tana kuma da zafi. Abu biyu ne ba a sawa ko kusa: soso, domin yana riƙe fitsari da wari sannan ya marmashe, da sakakkiyar audugar matashi, domin wanki ɗaya zai tara ta ƙulli-ƙulli a kusurwoyi.

Na ciki da na baya ki yanka su inci 40 da inci 49, wato su fi fuskar da kamar inci 2 ta kowane gefe. Falle uku ba sa tafiya daidai a ƙarƙashin keke, kuma wadda ta yanka su cif da cif takan tarar baya ya gaza a gefe ɗaya lokacin da gyara ya wuce.

Ki shimfiɗa bayan a kan siminti ko tayil mai tsabta, fuskarsa na kallon ƙasa, ki manne gefunansa da salatif. Ya miƙe sumul, amma kada ki ɗame shi kamar ganga, in kin ɗame, da kin sake shi zai koma ya tattaro fuskar. Ki ɗora na ciki, ki ɗora fuskar tana kallon sama, kina shafawa da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe. Sai ki bi da fil mai kulle, tazarar dunƙulen hannu tsakanin wannan da wancan, daga tsakiya zuwa waje. Za su kai 100. Ki ƙirga su ki rubuta adadin, don ki ƙirga su kuma ranar cirewa. In ba ki da fil da yawa, ki yi ɗinkin wucin gadi da allurar hannu, taki mai tsawon inci 1, layi-layi a tsaye da a kwance. Ya fi cin lokaci amma ya fi riƙewa, kuma babu abin da zai tokari ƙafar keke.

Ɗinkin da ke haɗa falle ukun shi ne ƙashin bayan bargon. Shi ke danne bakin kowane haɗi don kada ya tsefe a wanki, shi ke hana na ciki yawo. Kada a bar fili da ya wuce inci 4 da rabi babu ɗinki. Hanya mafi sauƙi ita ce ki bi kowane haɗi ta gefensa, kwatan inci daga layin, a tsaye da a kwance. In kin bi gefe biyu na kowane haɗi ya fi ƙarfi, ya kuma fi kyau ta baya. Wasu sun fi son ratsa murabba'an daga kusurwa zuwa kusurwa, wanda ke ba da tazarar kusan inci 3 tsakanin layuka. Yana da kyau, amma a karkace yadi ke talewa, don haka hannu ya yi sauƙi. Bin cikin ramin haɗin kansa kuwa, yana kama da mai sauƙi, amma duk inda kika kauce sai ya nuna.

Ki sa allura lamba 14, ki ƙara tsawon taki zuwa kamar 8 a inci. Matsalar da kowa ke cin karo da ita ita ce ƙafar keke tana tura fallen sama gaba yayin da haƙora ke jan na ƙasa, sai ki iso mahaɗa ki ga yadi ya taru ya yi ninki. Kekunan zamani suna da wata ƙafa ta musamman mai haƙoranta, wadda ke tafiya da sama da ƙasa tare. A baƙin keke kuma, ki sassauta dunƙulen nan da ke saman kan keken, wanda ke danna ƙafar, ki rage gudu, ki ɗora tafukanki biyu a gefen allura kina shimfiɗa yadin, ba ja ba. Ki fara da layin tsakiya daga sama zuwa ƙasa, ki bi sauran zuwa dama duk ta fuska ɗaya, sannan ki juya bargon ki yi ɗaya rabin. Ɓangaren da ke shiga ƙarƙashin hannun keke ki naɗe shi kamar tabarma. Nauyin bargon kuma kada ya rataya a bakin tebur, yana jan allura, takin ya ƙanƙance, wani lokaci allurar ta karye. Kujera ko ƙaramin tebur a hagunki ya isa. Bayan kowane layi biyu ki leƙa baya. Ninkin da aka gani da wuri minti biyar ne gyaransa.

Mai son ɗinkin hannu za ta iya yin wannan matakin da zare mai kauri, taki 4 ko 5 a inci, tana ɓoye ƙullin a cikin bargon ta hanyar fizgar sa ya shige tsakanin falle. Zaren mai launi shi ma a gwada shi a ruwa tukuna. Akwai masu ɗaure bargon da ƙulli-ƙulli na zaren ulu maimakon ɗinki. Yana da sauri, amma ban ba da shawararsa ga jariri ba, ƙulli na kwancewa, yaro kuma komai baki yake kaiwa.

Idan kin gama, ki daidaita gefuna huɗun da dogon ma'auni ki yanke rarar. Ki auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, in awon ya zo ɗaya bargon bai karkace ba.

Baki shi ke fara mutuwa a kowane bargo, shi ya sa ake naɗe shi da ƙyalle mai ninki biyu. Kewayen bargon inci 162 ne, ki ƙara inci 12 na kusurwoyi da haɗi. Ziri 5 masu faɗin inci 2 da rabi sun isa har da saura. Ki haɗa su a karkace, wato ki ɗora ƙarshen wannan a kan na wancan su yi kusurwa, ki ɗinka daga lungu zuwa lungu, ki yanke rarar, don kada kauri ya taru wuri ɗaya. Ki ninka dogon zirin biyu ta tsawonsa ki goge. Ki fara ɗinka shi ta bayan bargon, daga tsakiyar wani gefe, buɗaɗɗen bakinsa na daidai da bakin bargon, ki bar jela ta inci 8 ba ki ɗinka ba. Idan saura kwatan inci ki kai kusurwa, ki tsaya, ki yi ɗinkin baya, ki cire daga keke. Ki ɗaga zirin sama ya yi ninki a karkace, ki sake sauko da shi ya bi gefe na gaba, ninkin na daidai da bakin sama, sai ki ci gaba. Idan kin zagayo, ki kalmasa bakin jelar farko ciki da rabin inci, ki zura ƙarshen a cikinta kamar inci 1, ki ɗinke. Daga nan ki juyo da zirin zuwa fuska, ya rufe layin ɗinkin, ki bi bakinsa da keke. Kusurwoyin za su kwanta da kansu in kin taimaka musu da tsinin almakashi. Gamawa da allurar hannu ta fi tsabta a ido, amma ta keke ta fi jure cuɗa.

Batun rubuta suna, a yi hattara. Sunan ma ba a sanin sa sai ranar suna, kwana bakwai da haihuwa. Ban da haka, wannan abu ne da za a shimfiɗa a ƙasa, a taka, a yi fitsari a kai. In sunan yaron Abdullahi ne ko Abdurrahman ko Muhammad, gidaje da yawa ba za su so a rubuta shi a irin wannan wuri ba, ƙarshenta a ninke bargon a sa a akwati, wahalarki ta tashi a banza. Shekarar haihuwa, ko harafin farko, ko laƙabin da ake kiran yaron da shi a gida, a ɗan ƙyalle a kusurwar baya, ya wadatar. Yadi mai hoton dabbobi ma wasu gidajen ba sa so, ke kika san ƙawarki.

Maɓalli, dutsen ado, geza da igiya duk babu su a wannan bargo. Kuma yana da kyau ki gaya wa mai jego amfaninsa: na shimfiɗa ne a ƙasa lokacin da yaro ke farke ana kallonsa, na ɗorawa a cinya, na zuwa unguwa da asibiti, na koyon zama da rarrafe. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar kada a bar bargo, matashi ko wani abu mai laushi a makwancin jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, saboda yana iya rufe masa fuska cikin barci ya kasa turewa. In ana sanyi, a ƙara masa kaya a jiki ya fi a lulluɓe shi.

Kafin ki kai, ki ƙirga fil ɗinki su cika, ki bi bargon da tafin hannu lungu-lungu, ki yanke duk zaren da ke reto, domin siririn zare na iya naɗe yatsan jariri. Ki wanke shi da sabulu marar ƙamshi, ki ɗauraye sosai. Zai fito da 'yar yamutsa a tsakanin layukan ɗinki, haka ake so, kada ki bi shi da guga. Turaren wuta kuma a bar wa kayan uwar.

Wankinsa a gida da ruwan sanyi ne, ban da bilic, a matse shi a hankali ba murɗawa ba, a shanya a inuwa ko a juya bayansa ga rana don kada atamfar ta koɗe. A rataya shi a kan igiya biyu, nauyin ruwa ba zai ja shi gefe ɗaya ba. Cikin murabba'i 16 da suka rage miki, ki sa huɗu a jakar kyautar, ɗaya daga kowane yadi. Ranar da wani wuri ya huje, sai a kalmasa bakin ɗaya a ɗora a kai a ɗinke.